Zuwa ga Autana Mai Sayar da Dariya

Kambarawa, Katsina.

Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uwa, ina kuma roƙon Allah ya sa a lokacin da za ka buɗe takardar nan ka riga ka isa Kaduna lafiya, ka sauke kaya lafiya, ka tarar da abokan zamanka cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin mutane, da kuma sharrin bakinka, wanda shi na fi jin tsoro. Babanku yana gaishe ka. Ya ce shi ya riga ya yi maka tasa nasihar, wato ka riƙe salla, sauran surutun kuma ya bar mini tunda ni na iya.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a jakarka alhali ɗazu muna tare. Na sha gwada zaunar da kai. Duk ranar da na ɗaure fuska na ce, "Sagir, zauna," sai ka gyara zama ka ɗaure taka fuskar irin tawa, ka turo baki yadda nake turowa, in fashe da dariya, maganar ta bi ruwa. Takarda dai ba ta da fuskar da za ka kwaikwaya.

Zancen Maman Ladi ne. Matar nan katanga ɗaya ce tsakaninmu tun kafin a haife ka, kuma ita ta karɓi haihuwarka da hannunta lokacin tana aikin jinya a asibiti. Ka ɗauki tafiyarta da muryarta da irin Hausarta ta mutanen kudancin Kaduna, ka ɗaura zane ka kifa farar hula, ka sa wa abin suna Mama Sista, kana sayar wa mutane a waya. Ina tsoron na rasa ƙawata saboda wannan wasan, kuma ban san yadda zan yi ba. Ban ma tabbata laifin wa ne ba, shi ya sa zan fara da nawa.

Ka yi mini bayanin sana'ar nan har ka gaji, ni kuma har yau kaina bai ɗauka ba. Ka ce a da mai wasan barkwanci dole ya bi ta hannun wani, ko mai shirya fim, ko mai shagon da ke buga faifai, ko gidan talabijin, su cinye tsoka su bar masa ƙashi. Yanzu ka ce babu kowa a tsakani. Ka ɗauki wasanka da waya a zaure, ka ɗora a shafinka, wanda yake so ya biya ka kai tsaye duk wata, a buɗe masa ya kalla. Na ce ina shagon? Ka ce babu shago. Na ce ina masu sayen? Ka ce suna Kano, suna Legas, suna Saudiyya, wasu har ƙasar Turawa. Na ce ka san su? Ka ce a'a, amma su sun san ka. Wannan amsar ce ta hana ni sukuni. A iya sanina mai ba da dariya a tsakiyar fili yake tsayawa, a gidan biki ko suna, ana yi masa liƙi yana kallon wanda ya liƙa masa. In ya wuce gona da iri fuskokin mutane za su gaya masa, ko wata tsohuwa ta ce, "Kai, ya isa haka." Kai wa yake ce maka ya isa?

Kuskurena na farko a kanka kunya ce. Ka tuna sunan da na je a Ƙofar Kaura, gidan Hajiya Mairo da muka yi koyarwa tare? Ana zaune ana cin waina sai ta ce mini, "Malama, mi autanki shike yi yanzu?" Na ce, "Shina aikin kwamfuta." Na faɗa ba tare da na ƙifta ido ba. Sai surukarta ta ajiye faranti ta ce, "Hajiya, ba shi ne Mama Sista ba? Ai ni duk wata sai na biya, ko cefane zai ragu." Ɗaki ya kaure, wannan ta ce a gaishe mata da kai, waccan ta ce in sa ka ambaci sunanta a wasa na gaba. Ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata, ga ƙaryar da aka kama ni da ita, ga shi kuma ranar na fara jin wannan suna a bakin bare, ni da muke kwana gida ɗaya. Har yanzu ban gane ko sana'ar ce abin kunya ko ni ce na ɗora mata ba. Abin da na sani shi ne, kada ka ɓoye abin da kake ci da shi kamar yadda na ɓoye. In kuma ka ji akwai wani wasa da kake so duniya ta gani amma ba ka so mutum ɗaya ya gani, to ka tsaya ka tambayi kanka dalili. Kai ma ai ba ka taɓa nuna mini Mama Sista ba.

Na biyu ya girme ka, kuma shi ya sa ba na yi maka murnar rashin ɗan tsakani yadda kake so in yi. Lokacin da nake koyarwa a firamare ina haɗawa da yin alkaki da dubulan. Akwai wata dillaliya, Baba Tabawa ta Ƙofar Durbi, Allah ya jiƙanta, ita ke ɗaukar kayana tana kaiwa gidajen biki ta cire la'adarta. La'adar nan ta tsaya mini a wuya. Ni ke shan hayaƙi, ni mai ke ƙonawa, ita iyakarta ta ɗora kwano a ka ta yi yawo. Rannan na sallame ta, na ce masu so su zo gida su same ni. Suka kuwa zo, kuma da farko na ji daɗi ƙwarai, har na riƙa jin kaina wata mai wayo.

Sai dai kowace ta zo da nata. Wannan ta ce a ƙara sukari, waccan ta ce a ƙara girma, wata ta ce a zuba jan kala don ya dace da ankon biki. Ni kuma ban iya cewa a'a ba ga mutumin da ke zaune a tabarmata yana yabona. Kafin in farga, alkakin da na koya wurin Innata ya koma wani jan abu mai zaƙi kamar maganin tari. Ana saye, amma ni da na yi shi ba na iya sa shi a baki. Daga baya ne wata ta gaya mini cewa duk waɗannan buƙatun an sha kai wa Baba Tabawa, ita kuma amsarta ɗaya ce: "Haka take yin abinta, in ba ku so ku bari." Ashe la'adar da nake ƙyashi har da ladan cewa a'a a madadina. Ban koma na ba ta haƙuri ba har ta rasu, kuma abin yana damuna.

To, Auta, kai ka ce ba ka da ubangida. Ni a ganina iyayengida ka tara masu yawa, kowa da wayarsa a hannu. Yayarka Hadiza ta nuna mini abin da suke rubuta maka a ƙarƙashin wasan. A ƙara mana Mama Sista. A sa ta yi faɗa a kasuwa. A sa ta zame ta faɗi. Wasu kuma suna rubuta maganganu a kan mutanen su Maman Ladi da addininsu, waɗanda ba zan maimaita a takarda ba. Na san ba kai ka rubuta ba, amma a ƙofarka aka rubuta. Tunda ka kori dillalai, sai ka zama dillalin kanka ta wannan ɓangaren. Ka koyi cewa, "Haka nake yin abina, in ba ku so ku bari," ko da mai maganar ya fi kowa biya. In ba za ka iya ba, ka nemi aboki mai taurin kai a cikin abokan zamanka, wanda ba ya jin nauyinka, ka riƙa nuna masa kafin ka ɗora.

Na uku shi ne babba, kuma na daɗe ina kewaye shi.

Ka san wasa yana da masu shi. Jika da kaka, taubashi da taubashi, Bakatsine da Banufe, kowa ya san iyakarsa kuma kowa yana da bakin ramawa. Ni da Maman Ladi babu jini babu yare a tsakaninmu, zama ne ya mai da mu abokan wasa. Ita ta fara. Takan leƙo ta katanga ta ce, "Malama mai bulala, yau yara nawa kika zane?" Sannan ta kwaikwayi Katsinancina, ta ja murya ta ce, "Mi kika dahwa?" Ni kuma in riƙe ƙugu irin nata in mayar mata da Hausarta. Mu yi ta dariya har tuwo ya kama. Ko sau ɗaya ba a taɓa yin wasan nan ɗayarmu ba ta nan ba.

Sai wata damina muka yi saɓani a kan magudanar ruwa. Ruwan gidansu ya riƙa kwantawa a gindin katangarmu, na yi magana, ta mayar, muka ɗaga murya. Na shigo gida raina a ɓace, kuna zaune ku duka kuna cin gyaɗa, sai kawai na riƙe ƙugu na shiga kwaikwayonta. Ba irin na katanga ba, wannan da gayya na yi shi, na karkace baki, na ƙara gishiri. Kai a lokacin kana firamare, ka yi ta birgima a tabarma kana riƙe ciki. Wallahi na ji daɗin dariyarka. Rigimar magudana ba ta jima ba muka shirya, amma kwaikwayon ya zauna a gidanmu. Da an ɗauke wuta sai ka ce, "Mama, a yi mana Maman Ladi," ni kuma in tashi in yi. Ban taɓa gaya mata ba. Da safe kuma in leƙa katanga mu gaisa kamar ba komai.

Bayan sunan Ƙofar Kaura na sa Hadiza ta biya mini na wata ɗaya. Ka ji abin mamaki, uwa ta biya don ta ga ɗan da ta haifa. Na zauna da niyyar in yi fushi. Auta, na yi dariya har hawaye ya zubo mini, har babanku ya leƙo yana tambaya ko lafiya. Ka iya, wannan ba zan hana ka ba. Amma da na sake kallo sai na lura da wani abu. Karkace bakin nan ba na Maman Ladi ba ne, ita ba ta yin haka. Nawa ne, na ranar magudana. Ba ita kake kwaikwaya ba, ni kake kwaikwaya ina kwaikwayonta cikin fushi. To ka gaya mini, da wane baki zan yi maka faɗa? Shawarata a nan gajera ce. Abin da ba za ka iya yi a gaban mutum ba, kada ka yi shi a bayansa don yara su yi dariya, balle mutanen da ba ka sani ba. Ni na yi, ga inda ya kawo mu.

Akwai kuma abin da na yi wanda har yanzu ban san ko kuskure ne ko daidai ba. Na kai wa Maman Ladi wayar.

Na yi tunanin tunda surukar Hajiya Mairo ta gani, wata rana wata a cocinsu za ta gani ta nuna mata, gara ta gani daga hannuna. Bayan la'asar na shiga gidanta, na tarar tana tsince wake a gindin darbejiya. Muka gaisa, na tambayi Ladi da jikoki, na tambayi ciwon gwiwarta, na yi ta jan gaisuwa kamar baƙuwa. Ta ce, "Malama mai bulala, faɗi abin da ya kawo ki, kin ishe ni." Na miƙa mata wayar. Ta sa tabarau.

Da farko dariya ta yi, dariya sosai, har waken ya kusa zubewa. Ta ce, "Wannan yaro! Har da yadda nake riƙe ƙugu! Bari ya shigo hannuna." Na ji kamar an sauke mini dutse. Sai ta ce, "A ina ya yi wannan? A gidanku ya yi muku?"

Na ce a'a, na shiga yi mata bayanin da ni ma ban gane ba, cewa a waya kake ɗorawa, mutane su biya su kalla.

Ta ce, "Su wane ne mutanen?"

Na ce, "Ban san su ba. Shi ma bai san su ba."

Ta ce, "Su sun san ni?"

Na ce, "A'a."

Ta sake kallon wayar. Can ta ce, "To ni in ina so in rama, wa zan rama wa?"

Na miƙa hannu. Kafin in karɓi wayar yatsanta ya ja ƙasa, ta kai ga rubuce-rubucen nan na mutane. Ka san ta fi ni saurin karatu. Na ga leɓenta yana motsi, sannan ya daina. Ta cire tabarau, ta miƙo mini wayar da hannu biyu ta ce, "Na gode da kika nuna mini." Ta koma kan wakenta. Na zauna kaɗan, na tashi. Ban gaya mata cewa daga wurina ka koya ba.

Tun ranar ba mu yi faɗa ba, da ma faɗan ne da na san yadda ake shiryawa. Muna gaisawa, tana amsawa. Amma ta daina leƙo katanga. In za ta yi mini magana sai ta riƙa tauna kowace kalma kafin ta fitar, a hankali, kamar mai tafiya da kwano cike da ruwa. Matar da ta yi shekara da shekaru tana yi mini magana yadda bakinta ya ba ta, yanzu tana tsoron bakinta a gabana. Hajiya take ce mini. Ban taɓa jin wannan suna ya yi mini ciwo ba sai a bakinta.

Ba zan ce maka ka goge Mama Sista ba. Na san ita ta saya maka wayar da kake aiki da ita, ita ta kama maka ɗakin da za ka kwana a cikinsa yau, kuma na ji kana gaya wa Hadiza cewa yawancin masu biya don ita suke biya. Ni ba zan ce ɗana ya zubar da abincinsa ba alhali ba ni da wani da zan ba shi. Ban ma sani ba ko irin wannan abu yana goguwa. Hadiza ta ce abin da ya shiga wayoyin mutane ya shiga ke nan. Babanku ya ce a bar wa Allah. Ni kuwa in na kwanta sai in ce ka goge, in na tashi sai in ce ina ruwan yaro, laifin uwarsa ne. Wani lokaci ma sai in tuna wurin da Mama Sista ke korar mai maganin gargajiya da tsintsiya in kama kaina ina murmushi, sannan in yi istigfari. Ka ga halin da ka bar ni a ciki.

Da na yi abin da ya kamata, da na ja hannunka na kai ka gaban Maman Ladi kafin ka shiga mota. Na kasa, wannan ma ka ƙara a cikin kurakuraina. Abin da nake roƙonka shi ne, kafin ka ɗauki wani sabon wasa a Kaduna, ka kira ta. Kada ka tura saƙo, kada ka aiko Hadiza, kada kuma ka fara da barkwanci don ka sha kanta yadda kake shan kaina. Ka yi mata magana da muryarka, ba da tata ba. Ka gaya mata gaskiyar yadda abin yake, ka tambaye ta abin da take so, ka yi shiru ka saurara har ta gama. In ta ce ka ci gaba, ka tambaye ta iyakar da ba ta so a wuce. In ta ce ka bari, to a nan ne za a san ko kai ke riƙe da sana'arka ko masu biya ke riƙe da kai. Ni ma akwai tawa maganar da zan je in gaya mata, ba zan ɗora maka ita ba. Ina ta tara ƙarfin hali ne.

Ɗazu da ka fita yi wa kawunanka sallama aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na buɗe, sai ga Maman Ladi tsaye da kwalba a hannu, naɗe cikin leda. Na ce ta shigo, ta ce a'a, ta bar girki a wuta. Ta miƙo mini kwalbar, zuma ce ta garinsu, irin baƙar nan mai kauri. Ta ce, "A ba Sagir. Na ji da murya yake aiki. Ya riƙa sha da ruwan ɗumi kada ta dishe." Na tsaya ina kallon fuskarta ko zan gane yafiya ce ko wani abu daban, ban gane ba. Ta ce, "Allah ya kiyaye hanya," ta juya ta shige gida.

Kwalbar tana ƙasan jakarka, na naɗe ta a cikin tawul kada ta fashe. Ban san yadda za ka yi ka sha ba kafin ka kira ta.

Allah ya raya ka, ya yi maka albarka, ya ba ka halal mai yalwa, ya haɗa ka da mutanen kirki, na fili da waɗanda ke cikin wayarka. Allah ya sa kada wani ya yi kuka saboda dariyar da ka bayar. Ya tsare gabanka da bayanka, ya dawo mana da kai lafiya. Ka gaishe da abokan zamanka.

Wassalam.

Mahaifiyarka.